Babi na Huɗu: Idan Ka Gama, Wane Aiki Za Ka Yi?

Duk yaron da ya ce wa iyayensa zai karanci fannin kula da ma'aikata, wanda 'yan ofis ke kira HR, to ya shirya jin tambaya ɗaya: "Idan ka gama, wane aiki za ka yi?" Da likitanci ya ambata, ko lauya, ko malamin gona, da babu mai tambaya, don kowa ya san inda ake samun waɗannan. Wani uban ma sai ya ƙara da cewa, "Yanzu sa mutum aiki ma sai an je jami'a? Ni da nake ɗaukar mutum ashirin ranar dashe, wa ya koya mini?" Ba raini ne ya kawo tambayar ba. Mutumin da zai sayar da buhunan shinkafarsa ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin sanin abin da yake saye. Akwai kuma tambaya ta biyu da ke bin bayanta: ko da karatun yana da amfani, ai na bankuna ne da kamfanonin waya na Legas da Abuja, me ɗan Kura ko 'yar Bunkure za su tsinta a ciki?

Daga Kura zan ɗauko amsar, domin a ganina duk ƙasar Kano da wuya a sami inda wannan aiki yake a fili kamar nan, ko da yake ba kasafai ake kiransa da sunansa ba.

Ruwan Tiga da hannayen da ya tara

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma daga can ruwa ke biyo babban kanal ya shayar da filayen Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano ya ɗauki hekta dubu 22, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi. In ana ba da labarin shirin, maganar ruwa ake yi, da siminti, da yawan buhun da kadada ke bayarwa. Mutane ne ba a cika ƙirgawa ba. Ƙasar da a da ake nomawa sau ɗaya a shekara, samari su kama hanyar ci-rani da zarar an kai amfani gida, ta koma ƙasar da ake zuwa ci-rani. Shinkafa da damina, alkama ko tumatir ko albasa ko masara da rani, kuma kowanne yana da 'yan kwanakin da in ba a sami hannu ba, wahalar watanni ta tashi a banza.

Ka fita da sassafe lokacin dashe ka gani da idonka. Tun gari bai gama wayewa ba 'yan ƙwadago sun taru a bakin hanya, wasu da ƙullin abinci a leda, mata gefe guda, maza gefe guda. Mai gona ya tsayar da babur. Ba taron yake yi wa magana ba, mutum ɗaya yake nema, wata dattijuwa da ke zaune a kan bokiti.

"Iya, kadada ɗaya ce, ina so a gama yau."

"Alhaji, na san gonar nan. Taɓonta ba na yini ɗaya ba ne, sai dai ka ƙara."

Su ja, su saki, har a tsayar da jinga. Sai ta juya ta fara kiran suna. Ta san mai saurin hannu, ta san mai goyo da za ta riƙa tashi shayarwa, ta san biyun da suka yi cacar baki jiya, ba za ta jera su a layi ɗaya ba. Ta san wadda mijinta ke kwance, za ta saka ta ko da ba ta kai sauran sauri ba, kuma ta san yadda za ta faɗa wa sauran don kada a yi guna-guni. Da la'asar kuɗi ya shigo hannunta, ta raba, ta cire nata. A yini ɗaya wannan baiwar Allah ta auna girman aiki, ta yi cinikin lada, ta zaɓi ma'aikata, ta tsara su, ta kashe rigima tun ba ta tashi ba, ta biya. Waɗannan su ne darussan da ɗalibi zai biya kuɗi ya zauna a aji ya koya. Saboda haka uban da ya ce shi ba a koya masa a jami'a ba ya faɗi gaskiya.

Kura ma ba yau ta fara sanin tsara ma'aikata ba. Rawanin nan ɗan Kura da Buzaye ke nema tun ƙarni na 19 ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai ya bi ta hannun masaƙa, da masu ɗinke sawaye, da marina a karofi, da mabuga, kowane rukuni da manyansa da yaransa da yadda ake biyansa, kafin fatake su ɗauka su keta Sahara.

Inda kan mutum ɗaya ke gazawa

Tsarin Iya yana tafiya ne saboda dalilai uku da ba a lura da su. Ta san kowa har gidansu, aikin yana ƙarewa da faɗuwar rana, kuma hannu da hannu ake biya. Cire ɗaya daga ciki, lissafi ya fara kwancewa.

Yanzu dubi abin da shinkafa ta haifar. Gefen titin Kano zuwa Zariya, a Kura, injinan casa ne jere, ga mata masu turara shanshera, ga masu shanya, ga 'yan dako, ga masu ɗinkin buhu. Gaba kaɗan akwai manyan kamfanonin shinkafa da ke aiki dare da rana, wasu a kan wannan titi, wasu a Challawa da Sharaɗa. A Kadawa akwai kamfanin tumatirin gwangwani na Ɗangote da aka buɗe a 2016, wanda aka gina don ya murƙushe tan 1,200 a rana, amma ya sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir, tun daga shekarar farko da tsutsar nan ta Tuta absoluta ta cinye gonaki. Ka yi tunanin wanda aka ɗora wa alhakin ma'aikata a irin wannan wuri. Wa za a riƙe duk shekara, wa za a kira da kaka kawai? In inji ya tsaya wata huɗu, me za a yi da makanikin da aka kashe kuɗi aka horar, a ci gaba da biyansa yana zaune, ko a sallame shi wani kamfani ya ɗauke? Mutum tamanin, masu aikin safe da masu aikin dare, albashin wata, bel ɗin inji da ke iya tafiya da yatsa, ƙurar ɓuntu da ke shiga ƙirji: babu kan da zai riƙe wannan ba tare da takarda ba. Kuma da zarar ma'aikata sun kai wani adadi, doka ta shigo, ko mai kamfani ya sani ko bai sani ba.

Manomin Kura ya san mai buɗe ƙofar kanal. Ruwan ba nasa ba ne, gonar ba tasa ba ce, amma in ya yi son kai ko ya yi sakaci, na bakin ruwa su sha har su yi ambaliya, na can wutsiya shukarsu ta ƙone, rigima ta tashi. Haka mai kula da ma'aikata yake. Kuɗin na mai kamfani ne, ƙarfin na lebura ne, shi nasa ya tabbatar abin da ya kamata ya isa ga kowa ya isa, a kan lokaci, bisa ƙa'idar da kowa ya sani tun farko.

Ranar da aka ajiye kwanduna

Abin da ke faruwa in ba a yi haka ba, a Kadawa ma an gani. A ƙarshen shekarun 1970 wani kamfanin Turai ya yi noman kayan lambu a filayen shirin, musamman koren wake da ake kaiwa kasuwannin Turai, kuma matan ƙauyukan yankin ne ke tsinka. Wata rana matan suka haɗa kai suka ajiye aiki suna neman ƙarin lada. Wata mai bincike, Sam Jackson, ta rubuta labarin a 1978, har yau masu nazarin ƙwadago a Afirka suna komawa gare shi. Abin da ke ba ni sha'awa a labarin shi ne, waɗanda suka yi yajin aikin ba su da ƙungiyar ƙwadago mai rajista, ba su da sakatare, akasarinsu ba su yi boko ba. Abin da suka sani shi ne, wake ba ya jiran kowa, in ya ƙosa ya wuce sayarwa. Duk wanda ya ɗauka macen karkara ba ta san darajar guminta ba, bai yi ciniki da ita ba.

A wata duniyar ma darasin ɗaya ne. A 1913 kamfanin motoci na Ford a Amurka ya ɗauki mutum sama da dubu 50 a cikin shekara ɗaya don kawai ya riƙe ma'aikata wajen dubu 14, saboda mutane na shiga suna gudu. A watan Janairun 1914 Henry Ford ya mai da ladan yini dala 5, fiye da ninki biyu na abin da yake biya a da. Ya lissafa ne ya ga cewa kullum koya wa sabon mutum aiki ya fi ƙarin albashi tsada. Mai injin casa da yaransa ke gudu duk bayan wata biyu yana biyan irin wannan kuɗi, sai dai ba ya ganinsa a littafi. Yana fita ne ta shinkafar da sabon hannu ya kakkarya, da injin da ya ƙone don ba a san lokacin kashe shi ba.

Akwai kuma labarin da ya fi waɗannan ɗaci, kuma na kusa ne. A watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda suka buɗe wani kamfanin shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata sama da ɗari waɗanda suka ce an hana su fita kusan wata uku. Duk lokacin da na tuna wannan, tambayar da nake yi ita ce: a cikin ofishin wurin, babu mutum ɗaya da aikinsa ne ya ce wannan haramun ne a doka, haramun ne a addini? Ko dai babu shi, ko yana nan ya yi shiru. Duka biyun dalili ne na a sami 'ya'yanmu da suka san aikin kuma suke da zuciyar yinsa.

Me ake koya a ajin?

Kashi mafi nauyi, kuma wanda Iya ba ta da shi, shi ne doka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta na 1974 ne, ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawuna, wato dai irin mutanen da ke cike da injinan Kura. Ta ce kafin ma'aikaci ya cika wata uku a ba shi takarda mai bayyana irin aikinsa, da ladansa, da lokutan aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Ta ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama: yini ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya in ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Wanda ya yi wata 12 a jere yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aiki. Ka tambayi masu injin goma, da wuya biyu su san waɗannan, kuma ba mugunta ba ce, babu wanda ya taɓa faɗa musu.

Sai lissafin albashi, wanda a nan ne sabon ma'aikaci ke nuna ko ya iya ko bai iya ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma a cire masa kashi 8. In abin da ake lissafawa a kai naira dubu 100 ne, za a cire dubu 8 daga hannun ma'aikaci, kamfani ya ɗora dubu 10, dubu 18 ke nan su tafi asusunsa kowane wata. A nan ake yawan cin amana: a cire dubu takwas ɗin, a ƙi turawa, sai mutum ya tsufa ya tarar da asusu wayam. Akwai kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa asusun NSITF bisa dokar diyyar ma'aikata ta 2010, da wani kashi 1 da manyan kamfanoni ke biya wa asusun horaswa na ITF, wanda aka kafa a 1971, hedikwatarsa a Jos. Ga haraji, ga alawus, ga kuɗin ƙarin lokaci, ga bashin da aka ci a tsakiyar wata. Wanda ke tsoron lissafi ya sake tunani tun yanzu, domin kuskuren naira dubu biyu a albashin ɗan dako ya isa ya hana wani gida cin tuwo.

Sauran darussan sun fi kama da abin da aka sani a gida, sai dai an tsara su: yadda ake bayyana aiki kafin a nemi mai yinsa, yadda ake intabiyu, yadda ake horaswa, yadda ake auna ƙwazo, yadda ake ba da takardar tuhuma a saurari mutum kafin a hukunta shi, yadda ake zama da ƙungiyar ƙwadago. Batun sauraro kafin hukunci kada a ɗauke shi wasa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga darajarta, tana da reshe a Kano, kuma fayil take dubawa. Kamfanin da ya kori mutum da baki cikin fushi, ko da mutumin ya yi laifin, yana iya tashi da biyan diyya.

Waɗanda doka ta bari a waje

A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, Jihar Kano kuma daga baya ta sanar da dubu 71 ga ma'aikatanta. To amma dokar ta ware wasu. Ba ta hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ba ta hau kan masu aikin jinga ko kamasho ba, ba ta hau kan masu aikin lokaci-lokaci irin na gona ba. Ka sake karanta wannan jerin, ka dubi mutanen da suka taru a bakin hanya da asuba. Kusan dukkansu suna waje. Matar da ke tsinkar tumatir da za a kai kasuwar Kwanar Gafan, yaron da ke goye da tankin feshi babu takunkumi babu safar hannu, mai juya shanshera a rana, babu ɗayansu da wannan adadi ya shafa.

Ɗalibi zai iya karanta wannan ya ce, to ba ruwana da su ke nan. Ni a wurina akasin haka ne, nan ne ilimin ya fi tsada. Dokar diyya ta 2010, alal misali, ba ta ware su ba. Ta ƙirga mai aikin wucin gadi da ɗan koyo, ko da baki aka yi yarjejeniya. Ta ce ma'aikaci ya sanar da ubangidansa rauni cikin kwana 14, ubangida kuma ya kai rahoto cikin kwana 7. Yatsu nawa suka tafi a injinan casa aka rufe maganar da kuɗin allura da "Allah ya kiyaye gaba"? Inda kuma doka ta yi shiru, addini bai yi shiru ba a kan gaggauta biyan mai aiki haƙƙinsa da hana ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma wannan harshe ne da Alhaji ke ji. Ƙwararren da ya iya haɗa biyun, ya kuma nuna da alƙalami cewa takunkumi da bokitin ruwan sha da biya a kan lokaci sun fi asarar gudun ma'aikata araha, shi ne zai canja wani abu a Kura.

Ta ina ake shiga?

Ƙofar ba ɗaya ba ce. Wanda ke sakandare ya nemi kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ya riƙe darasin tattalin arziki da kyau. A yawancin makarantunmu na Arewa, irin su Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ana samun fannin ne a cikin karatun harkokin kasuwanci ko na mulki, mutum ya ƙware a kansa daga baya. Jami'ar Legas kuwa tana da sashe sukutum na hulɗar aiki da kula da ma'aikata. Da yawa daga cikin masu aikin ma ba shi suka fara karantawa ba, daga nazarin zamantakewa suka zo, ko shari'a, ko tattalin arziki. Wanda ya karanci aikin gona ya ƙara da wannan, a wuri irin Kura, ya fi kowa riba, don ya san bambancin aikin dashe da na yanka, ba za a yi masa ƙarya a kan yawan hannun da kadada ke ci ba.

Bayan digiri ko difloma sai takardar ƙwarewa. Cibiyar da ke da wannan hurumi ita ce CIPM, wadda aka kafa a 1968, doka ta 58 ta 1992 ta ba ta ikon tsara sana'ar, hedikwatarta a Ikeja. Ana rubuta jarrabawarta mataki-mataki, ana yafe wa mai digiri wasu matakan gwargwadon abin da ya karanta, kuma mutum zai iya yi yana aikinsa. Manyan kamfanoni suna tambayarta. A Ilori kuma akwai cibiyar nazarin ƙwadago mai sunan Michael Imoudu, jagoran yajin aikin gama-gari na 1945, inda ake gajerun kwasa-kwasai.

Abu biyu ne takarda ba ta bayarwa, kuma su ake fara gwadawa. Na farko kwamfuta, musamman Excel, domin a can albashi yake kwana. Na biyu harshe: ka iya rubuta wasiƙa da Turanci mai tsabta, ka kuma iya tsayawa gaban 'yan dako talatin ka bayyana musu abin da ke cikinta da Hausar da ba za su ce an yi musu wayo ba. Wanda aka turo daga nesa yana da na farkon. Ɗan gida da ya dage yana da duka biyun.

To ina aikin yake?

Kada in yaudari kowa: kujerun da aka rubuta wa wannan suna a ƙofa ba su da yawa a yankinmu, kuma masu nema sun fi su yawa. Amma akwai su. Uban da ya yi tambayar farko ya san DPM na ƙaramar hukuma, ya san girman kujerarsa, ya san sau da yawa shi ake miƙa wa ragama in wa'adin shugabanni ya ƙare. To ai daraktan kula da ma'aikata ke nan, kuma kowace daga ƙananan hukumomi 44 na Kano tana da wannan ofis. Akwai ma'aikatun jiha, da hukumar kogunan, da asibitoci da makarantu masu zaman kansu, da ƙungiyoyin agaji, da kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara kanal-kanal ɗin yankin, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don su riƙa karɓar kuɗin ruwa suna kula da ƙananan magudanai. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗi tana sa mutane aikin yashe kanal, ko ba jima ko ba daɗe sai ta buƙaci mai riƙe mata rajista.

Mafi yawan aikin kuwa yana wuraren da ba su san suna buƙatarsa ba tukuna. Matsakaicin injin shinkafa mai mutum arba'in ba zai buga tallar neman jami'in HR ba. Akawu zai nema, ko "yaro mai kwamfuta". Shawarata ga mai fitowa daga makaranta, ko mai shekarar sanin makamar aiki bayan difloma, ko ɗan bautar ƙasa, ita ce ya karɓa. Ya fara da littafin shiga da fita. Ya buɗe wa kowa fayil, da hoto, da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Ya fitar da takardar albashi da kowa zai ga abin da aka cire masa da dalili. Ya bar kujera ya shiga cikin ƙura ya ga wane inji ne ba shi da murfi. Bayan wata shida, ranar biya ta wuce babu hayaniya, Alhaji da kansa zai lura. Daga irin wannan ake zama jami'i, a zama manaja, wasu kuma su buɗe ofishin kansu suna riƙe wa ƙananan kamfanoni biyar ko shida lissafin ma'aikata lokaci guda. Ga 'yan mata kuwa filin a buɗe yake fiye da yadda ake zato, domin da yawa daga hannayen da ke aikin shinkafa da tumatir na mata ne, kuma akwai koken da mace ba za ta taɓa kai wa namiji ba.

Tsakanin Alhaji da lebura

Wahalar aikin ta gaskiya ba a jarrabawa take ba. Mai kamfani ne ke biyanka, amma lebura ne ke kallonka. Wata rana za a kira ka ofis a ce, "Malam, wannan yaron ɗan ƙanwata ne, a samo masa wuri," alhali ka riga ka tantance wanda ya fi shi. Wata rana a ce a riƙe albashi mako biyu don shanshera ta yi araha a kasuwa ana so a saya. Wata rana kuma maƙwabcinku ne, wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, aka kama ya fitar da buhu ta bayan katanga, kuma kai za ka rubuta takardar. A gari irin Kura babu inda za ka ɓuya bayan an tashi aiki. Mahaifiyar wanda ka sallama za ta zo gaishe da mahaifiyarka.

Ba a cin wannan da taurin kai, ba a kuma cinsa da "to, ranka ya daɗe" a kowace magana. Waɗanda na ga sun daɗe da mutuncinsu dabara ɗaya suke yi: suna sa a amince da ƙa'ida a rubuce tun ana zaman lafiya, kafin a san wa za ta hau. In Alhaji ya sa hannu da kansa cewa ranar 28 ake biya, kuma duk mai neman aiki sai ya yi gwaji, to ranar da ɗan ƙanwa ya zo kana da abin nunawa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ga abin da ka sa mana hannu. A bar shi ya yi gwajin, in ya ci ni zan fi kowa murna." Sau da yawa shi ma mai kamfanin mafaka yake nema daga 'yan uwa, takardar ta zame masa.

Wannan takarda, da 'yar uwarta da ake ba ma'aikaci ranar da ya kama aiki, su za mu ɗauka a babi na gaba. Za mu rubuta su layi-layi, da Hausa, ta kama aikin kuwa iri biyu: ɗaya don ma'aikacin dindindin a injin casa, ɗaya don mai aikin kaka da zai yi wata uku ya koma garinsu, mu kuma ga yadda ake karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaidu kafin ya dangwala.